Ƙafa Uku ko Ƙafa Biyu: Wanne Ya Fi Wa Wanda Aka Goya Daɗi a Titunan Jos?

Da wuya ka ga mutum ya kai babur ɗinsa wurin mai walda a mayar masa da shi mai ƙafa uku don sha'awa kawai. Yawanci akwai wani a gida da ake yi dominsa: mahaifiya da ciwon gwiwa ya matsa wa, uwargida mai juna biyu da ke zuwa awo, ƙane da shan inna ya taɓa wa ƙafa, ko kuma shi mai babur ɗin ne shekaru suka ja har ya fara shakkar ƙafarsa in ya goya mutum. Abin da ke damuna shi ne, in an zo yanke shawara, mai babur da bakanike ne ke zama su gama magana a kan farashi da ƙarfe, wanda za a goya kuwa ba a ko tambayarsa. Alhali shi ne zai zauna a inda duk wata jijjiga ke taruwa. Don haka daga kujerar baya nake so mu auna wannan lamari.

Ba Keke Napep nake nufi ba, ko da yake zan taɓo shi can gaba. Ina maganar babur ne irin namu na yau da kullum, Bajaj Boxer ko Jincheng ko Haojue ko roba-roba, da ake yi wa ɗaya daga cikin gyara biyu. Ko dai a cire tayar baya gaba ɗaya a sa aksul mai ɗauke da taya biyu, ko a bar tayar baya a inda take a ƙara ƙananan tayoyi biyu a gefe su tallafe ta, kamar yadda muke gani a baburan 'yan'uwanmu masu lalurar ƙafa; shi wannan na biyun tayoyinsa huɗu ne a lissafi, amma tare da mai ƙafa uku zan haɗa shi a wannan magana. A Amurka ma ana irin wannan gyara sosai, musamman tsofaffin mahaya da ke mayar da manyan babura kamar Honda Gold Wing masu ƙafa uku don su ci gaba da yawo da matansu, har kamfanin Harley-Davidson ya fito da nasa mai suna Tri Glide a 2009. Sai dai can injiniyoyi ne ke zana kayan gyaran, injin kuma ya haura 1,500cc. Nan kuwa injin 100cc ne ko 125cc, da ƙarfen kwana, da basirar wanda ya riƙe wutar walda. Wanda ya ga hoton na can a waya ya ɗauka irin zaman da iyalinsa za su samu ke nan, ya yi lissafi ba daidai ba.

Inda ƙafa uku ya yi zarra, babu jayayya, shi ne a tsaye da kuma tafiyar hankali. Ka tuna yadda dattijuwa ke hawa babur mai ƙafa biyu. Sai ɗanta ya tokare ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya matse birki, ita kuma ta dafa kafaɗarsa tana cewa "Ɗan nan, riƙe shi da kyau," ta ɗora ƙafa ɗaya a kan matakin, babur ya karkata, ta fasa, ta sake gwadawa. Shi yana cewa "Inna, hau kawai, na riƙe," amma zuciyarta ba ta yarda ba. A kan mai ƙafa uku duk wannan ba ya tasowa. Abin yana tsaye da kansa, za ta dafa duk inda ta ga dama, ta hau a natse, ta gyara zaninta, sannan a tayar. Ga mai ciwon gwiwa ko ƙugu, wannan minti ɗaya na hawa da sauka shi ne rabin wahalar tafiyar.

Haka kuma a cunkoso. Wanda ya bi ta Terminus ko Titin Bauchi da yamma ya san yadda ake tafiya taku biyu a tsaya. Kowace tsayuwa a kan ƙafa biyu, babur sai ya ɗan kwanta gefe guda kafin ƙafar mai tuƙi ta tare shi, wanda aka goya kuma sai ya ƙanƙame. In ƙafar ta sauka a kan yashi, ko taɓo, ko ɓawon ayaba a bakin kasuwa, shi ke nan an faɗi a tsaye. Irin wannan faɗuwa matashi zai tashi ya kakkaɓe wando, amma ga tsohuwa tana iya zama karayar ƙugu, ga mai ciki kuma ba sai an faɗa ba. Mutane ba su cika lissafa tsoro a cikin gajiya ba, amma wanda ya yi rabin awa yana ɗar-ɗar, jijiyoyinsa a ɗaure, zai sauka a gajiye ko da titin sumul yake. Ƙafa uku yana ɗauke wannan tsoron, kuma ni a wurina wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Sai wurin zama. Tunda ba a buƙatar fasinja ya bi jikin babur wajen karkata, ana iya yi masa kujera mai faɗi, da majingina, har da madafar hannu a gefe. Mace mai zani ko doguwar riga za ta zauna ƙafafunta biyu a haɗe a kan faranti, ba sai ta tattare sutura ta raba ƙafa a gaban jama'a ba. Akwai matan da wannan kaɗai ya hana su hawa babur ɗin mazajensu, kuma suna da hujja.

To amma da zarar an fara gudu, labari ya sauya, kuma nan ne masu gyara ba su cika yi wa mutum bayani ba.

Babur mai ƙafa biyu yana kwanciya ne in zai sha kwana. Wannan kwanciyar da ke ba wasu tsoro ita ce ke sa nauyin jikin fasinja ya tafi kai tsaye cikin kujera, ta gadon bayansa, ba tare da wani abu ya ja shi gefe ba. Shi ya sa ake iya goya mutum ya saki hannu a kwana bai ji komai ba. Mai ƙafa uku ba ya kwanciya. In aka juya dama, jikin fasinja sai ya tafi hagu, in aka juya hagu ya tafi dama, kuma yana zaune ne a sama, babu ƙofa babu bango kamar na mota. A kowane shataletale sai ya riƙe ƙarfe da ƙarfi, ya tokare da ƙafa, ya ɗaure ƙugu. Mai lafiya zai saba. Amma mutumin da aka yi gyaran dominsa, wanda hannunsa ɗaya ya shanye ko bayansa ke ciwo, shi ne mafi ƙarancin ƙarfin yin wannan riƙon. Saboda haka kujera marar madafar gefe a kan ƙafa uku, a ganina, aikin bai kammala ba. Kuma in tsakanin tayoyin baya bai da faɗi, kujerar kuma aka ɗaga ta sama, kwana da gudu na iya ɗaga tayar ciki daga ƙasa, daga nan sai kifewa. Mutane na ɗauka mai ƙafa uku ba ya faɗuwa. A tsaye ne ba ya faɗuwa.

Maganar ramuka ta fi wannan ma muhimmanci a garinmu. Babur mai ƙafa biyu layi ɗaya yake bi: inda tayar gaba ta taka, nan ta baya za ta taka. Gwanin tuƙi zai ratsa tsakanin ramuka biyu ta wata 'yar siririyar kwalta da ba ta fi tafin hannu ba, wanda ya goya bai san an wuce komai ba. Mai ƙafa uku layi uku yake bi. Ka kauce wa rami da tayar gaba, ta hagu ta faɗa. Ka ceci ta hagu, ta dama ta samu nata. Kuma fasinja a daidai saman aksul yake zaune, inda bugun ke fitowa. Mai tuƙi yana tsakiya, tsakanin gaba da baya, shi ya sa sau da yawa zai rantse maka abin ba ya jijjiga, alhali wadda ke bayansa haƙoranta na haɗuwa.

Ba ma bugun sama da ƙasa ne ya fi gajiyarwa ba. Yawancin gyaran da ake yi a nan aksul ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyin biyu. In taya ɗaya ta hau dutse, duk bayan babur sai ya karkata, kan fasinja ya wurga gefe, sannan ya dawo in ɗayar ta hau nata. Wuya da kwankwaso ne ke biyan wannan. Babur mai ƙafa biyu bai san irin wannan girgizar ta gefe da gefe ba sam. Ka ɗauki lungunan unguwanninmu da kwalta ba ta kai ba, cikin Unguwar Rogo ko Rikkos ko Gangare, inda duwatsu suka fito fili kuma ruwan damina ya yanka ƙasa ya bar kwazazzabai. Mai ƙafa biyu zai bi ta kan tudun da ya rage yana tsaye cak. Mai ƙafa uku dole ya ɗauki siffar hanyar: in hanya ta karkace, shi ma ya karkace, fasinja ya zauna a jirkice har a fita. Ko a kan kwalta ma, gefen titi yakan ɗan gangara don ruwa ya sauka, kuma a gefen ne mai ƙafa uku ke yawan tafiya saboda rashin gudu.

Nan ne ingancin gyara ke raba tsakanin jin daɗi da azaba, fiye da yawan tayoyin kansu. Abu na farko da zan duba shi ne sifirin. Wasu masu gyara kan ɗauko aksul da sifirin na babur ɗin dako, irin mai akwati a baya da ake lodin buhuna ko jarkokin ruwa. An yi waɗannan ne don kaya masu nauyi ƙwarai, sai an danne su suke lanƙwasawa. Ka ɗora musu mace mai kilo 60, ba za su ko motsa ba, kamar a kan benci take zaune ana dukansa daga ƙasa. Abin da ake buƙata sifirin mai laushi ne daidai nauyin mutum, tare da shokazoba mai rai a kowane gefe. In an samu wanda zai iya yi wa kowace taya nata hannun daban, yadda ɗaya za ta hau dutse ba tare da ta ja ɗayar ba, to girgizar gefen nan za ta ragu sosai, sai dai aikin ya fi tsada kuma ba kowa ya iya shi ba.

Na biyu girman taya. Tayar babur inci 17 ce ko 18, tana haye ƙananan ramuka ta wuce. In aka sa ƙananan tayoyi a baya, irin inci 8 na Keke, kowane rami sai sun shiga cikinsa sun fito. Iskar taya ma haka: nauyin da taya ɗaya ke ɗauka yanzu biyu ne suka raba, don haka in mai faci ya cika su tam kamar yadda ya saba, bugun zai ƙaru.

Na uku difarensha, wato kayan da ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki a kwana. In babu ita, ko dai a bar taya ɗaya ce kawai ke ja, babur ya riƙa fizga gefe duk lokacin da aka ba shi wuta, ko a ɗaure su biyun tare, ya riƙa turjewa a kwana yana goge taya. Fasinja yana jin duka biyun a jikinsa. Shi kuma gyaran tayoyin gefe, wanda ya bar tayar asali a tsakiya, yana da tasa matsalar: a wuri mai kwari tayoyin gefe na iya hawa tudu su bar ta tsakiya tana juyawa a iska, ita ce kuma mai ja da birki.

Kada a manta Jos gari ne na hawa da gangara, kuma yana kan tsauni kimanin mita 1,200 daga teku. A wannan tsayin iska ba ta da kauri kamar ta Legas, ƙaramin inji na rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa tun kafin a ɗora masa komai. Ka ƙara masa aksul, da tayoyi biyu, da kujerar ƙarfe, sannan mutum biyu. A hawa sai giya ɗaya, inji na kuka, salansa na zafi, kuloci na ƙonewa. A gangara kuma nauyin ya ƙaru, birki yana nan yadda kamfani ya yi shi don babur marar kaya, in ma an haɗa birki a tayoyin baya duka biyun ke nan, domin wasu a ɗaya kawai suke sawa. Babu kuma ribas. In aka shiga lungu ya toshe, ko aka ajiye shi hanci a gangare, sai an tura da hannu, kuma ba dattijuwar da aka goya za a ce ta sauko ta taimaka ba.

Sanyi da ruwa kuwa ba su san yawan taya ba. Iskar asubahin Disamba da Janairu za ta ratsa fasinja a kan kowanne, ruwan Yuli da Agusta zai jiƙa shi a kan kowanne. A kan ƙafa biyu ma ya ɗan fi samun mafaka, tunda yana manne da bayan mai tuƙi. A kan ƙafa uku akan ɗaga kujera a ja ta baya, iska ta same shi sosai, tayoyin gefe kuma su watso masa taɓo in madigadi bai rufe su da kyau ba. Ana iya yin rumfa, amma rumfar ƙarfe nauyi ce a sama, tana ƙara saurin kifewa a kwana.

Wani abu da nake roƙon kowa ya kula da shi, ko wanne ya zaɓa, shi ne sutura. Hijabi mai tsawo, gefen zani, ko hannun babbar riga na shiga sarƙa ko wayoyin taya su fizgo mutum ƙasa cikin ƙiftawar ido. A kan ƙafa biyu taya ɗaya ce a ƙarƙashin fasinja, a kan ƙafa uku biyu ne a gefensa, daidai inda mayafi ke sauka. Dole a rufe su ruf ta ciki, a rufe sarƙa, a kuma yi faranti mai baki inda ƙafa ba za ta zame ta faɗa gaban taya ba. Yaro ƙarami ma ya fi kowa shiga wannan haɗarin. Hular kwano kuma tana nan a wuyan kowa. Hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta tun Janairun 2009, kuma taya ta uku ba ta kare kai.

Akwai ƙananan abubuwa da sai an fara amfani ake ganinsu. Mai ƙafa uku ba ya kutsawa tsakanin motoci, don haka tafiyar da ake yi a minti goma tana iya ninkawa, fasinja na zaune cikin rana da hayaƙi. Yana shan mai fiye da da, abin da tun cire tallafi a Mayun 2023 ba wanda ke rainawa. Sannan ka auna ƙofar zaurenku kafin a yanka ƙarfe. Babur da ke kwana a cikin gida yana iya komawa kwanan waje saboda faɗi, kuma in ba ya shiga lungunku har ƙofa, to Inna za ta taka da ƙafa zuwa bakin titi, wahalar da aka so a ɗauke mata ke nan tun farko. Ta fuskar doka kuma, tun zamanin Gwamna Jonah Jang aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, gwamnatocin da suka biyo baya kuma suka riƙa sabunta takunkumin lokaci zuwa lokaci. Kafin ka kashe kuɗi, je ofishin masu duba lafiyar ababen hawa da takardunka, ka ji matsayin babur da aka sauya wa siffa da kuma inda aka yarda ya bi.

Ga inda na tsaya. In wanda za a goya lafiyayye ne, yana iya hawa da sauka da kansa, kuma hanyarku akwai gargada, to ka bar babur ɗinka da ƙafa biyu, zai fi jin daɗinsa nesa ba kusa ba. Yawancin ƙorafin da mata ke yi a kan babur ɗin mazajensu ba na taya ba ne: soson kujera ya mutu har ana jin ƙarfe, shokazoba ta zubar da mai tun bara, matakin ƙafa ya karye a gefe guda, salansa babu marufi tana ƙona ƙafa. Ka kai wa mai kushin ya sake soso mai kauri, ka sauya shokazoba, ka sa 'yar majingina a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, sannan ka rage fizgar tashi da taka birki ba zato. Kuɗin bai kai ko kusa da na gyaran ƙafa uku ba, kuma babur ɗinka bai rasa darajarsa a kasuwa ba, domin wanda aka yanka wa firam da wuya ya sake sayuwa da daraja.

In kuwa matsalar hawa da sauka ce, ko tsoron faɗuwa, ko ƙafar mai tuƙi ce ba ta iya tokare nauyin mutum biyu, kuma tafiyar gajera ce a kan kwalta, daga gida zuwa asibiti ko masallaci ko kasuwa, to ƙafa uku ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin mai tuƙi ya yarda ya zama mai tafiyar hankali, ya rage gudu tun kafin kwana ba a cikinta ba. Ga mai lalurar ƙafa da ke son ya ɗauki iyalinsa da kansa, ba ma zaɓi ba ne tsakanin biyu, hanyar ke nan, kuma ya cancanci a yi masa aiki mai kyau ba na jeka-na-yi-ka ba.

Wanda kuma ke son ɗaukar uwargida da yara biyu ko uku a lokaci guda, kada ya wahalar da ƙaramin babur. Gara ya tara ya nemi Keke ko da na hannu ne. Ƙananan tayoyinsa na jin rami, gaskiya ne, amma Bajaj RE ko TVS King an ƙera su ne tun daga kamfani da ƙafa uku: inji kusan 200cc, ga difarensha, ga ribas, ga rumfa, kujerar kuma tana ƙasa-ƙasa inda fasinja ke da abin jingina ta baya da ta gefe.

Kafin ka ba da kuɗin kafin alƙalami, ka roƙi mai gyaran ya haɗa ka da wani da ya taɓa yi wa irin aikin, zai fi kyau wanda ya yi shekara yana hawa, don ka ga inda walda ta fara tsagewa. Ka hau baya da kanka a zagaya da kai ta shataletale, ta kan tudun rage gudu, da cikin lungu mai duwatsu. In ka sauka, sai a ɗauki wanda ake yin abin dominsa a bi da shi hanyar da zai riƙa bi kullum. Kada ka tambaye shi a gaban mai gyara, domin iyayenmu da matanmu kunya za ta sa su ce "Ba laifi" ko da bayansu na ciwo. Ka bari sai washegari da safe, ka tambayi wuya da kwankwaso yadda suka kwana.